Jiri idan an miƙe tsaye: Kada a yi fushi da maganin hawan jini

Wata dattijuwa ta zo shagonmu na magani a Bwari, jikanta na riƙe da hannunta. Ta ce, "'Yar nan, na daina shan ƙwayar hawan jinin nan. Da na tashi daga tabarma sai idona ya rufe, har na taɓa faɗuwa a tsakar gida." Kwananta goma rabonta da magani. Da na auna ta, jinin ya hau sosai.

Mai karatu, duk sanda ka miƙe tsaye, jini kamar rabin lita zuwa lita ɗaya kan gangara ƙafafu da ciki, kamar yadda ruwa ke bin gangare. Wanda ke komawa zuciya sai ya ragu, ga ƙwaƙwalwa can sama tana jira. To amma a jijiyoyin jini na wuya, da babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, akwai wasu 'yan masu gadi da ke jin ƙarfin bugun jini. Da zarar ya sauka, sai labari ya kai gindin ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sa zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke. Cikin 'yan daƙiƙoƙi komai ya daidaita, kai ba ka ma sani ba.

Tsufa da daɗaɗɗen ciwon suga kan sa wannan saƙo ya yi nawa. Gudawa da zufar Maris da Afrilu kan rage ruwan jiki. Haka ma wasu magunguna, irin su Moduretic mai sa fitsari, da methyldopa, da tamsulosin na dattawa masu wahalar fitsari. Ana gane matsalar idan lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti 3 da miƙewa.

Kada ka bar magani da kanka, domin hawan jini na iya kai wa ga shanyewar ɓarin jiki. Je ka Babban Asibitin Bwari ko asibiti mafi kusa, a auna ka a kwance da a tsaye. Likita na iya rage maganin ko ya canza shi. Da safe, zauna a bakin gado minti ɗaya, ka motsa ƙafafu kafin ka tashi. Ka sha ruwa, sai fa in likita ya ƙayyade maka. Idan jiri ya zo, zauna nan take. In kuwa da suma ko ciwon ƙirji, a garzaya asibiti.

Ita dai Baba, likita ya canza mata ƙwaya. Ranar da ta dawo, ita kaɗai ta zo.