Duƙushin Sukuwa: Sauri Kan Haifi Nawa

Ya ku 'yan kasuwa da dillalan dawaki na ƙasar Baure, yau maganarmu a kan duƙushin sukuwa ce, da abin da ke nakasa shi tun bai kai ƙarfi ba.

Tushen abin dai kuɗi ne. Mutum ya sayo duƙushi a Mai'aduwa ran Lahadi, ko a Maigatari ran Alhamis, ya ɗaure a barga. Daga ran nan kullum sai harawa da dusa da gero da kanwa, ga ladan yaron barga. Rani ya yi nisa, harawa ta yi tsada, doki na ci ba ya kawo ko kwabo. Sai mai shi ya matsa wa mai horo, a kai shi tsere Katsina ko Kano ko Damagaram, wai in ya ci kuɗinsa ya tashi. Mai horo kuwa ba ya iya cewa a dakata, don kada a kwance dokin a kai wa wani.

To, ƙashi bai san da tsadar harawa ba. Gwiwar gaba ba ta ƙosawa sai doki ya kai shekara 2, ƙashin baya kuwa sai wajen shekara 5. Kilisa daidai wa daida tana ƙarfafa shi. Amma gudu mai tsanani kullum a kan busasshiyar ƙasa shi ke kumbura ƙwauri, ya ɓata jijiya. Jijiyar da ta taɓu kuwa ba safai take komawa yadda take ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Ingila, babban tseren Derby, wanda aka fara a 1780, 'yan shekara 3 kaɗai ke shiga, saboda haka kowa rige-rige yake. A Amurka, a 2006, wani ɗan shekara 2 mai suna The Green Monkey ya yi ɗan gajeren gudu gaban masu saye, aka saye shi dala miliyan 16. Tsere 3 ya shiga, bai ci ko ɗaya ba.

Saboda haka, kafin ku sallama, ku buɗe baki. Haƙoran tsakiya na gaba suna famfara a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. Ku shafa ƙwauri da sassafe, kafin a zagaya da shi. In kun ji zafi ko kumburi, ko ya janye ƙafa, an riga an ci amfaninsa, sai kuɗi ya sauka.

Ku kuma dillalai, la'ada sau ɗaya ake karɓa, amma wanda kuka haɗa da gurgun doki ba ya sake neman ku.

Wassalam.