Akuyar Da Ta Haɗiye Waƙa

Ranar 18 ga Nuwamba 1928, a gidan siliman Colony da ke birnin New York, aka fara nuna Steamboat Willie, ɗan katun da bai cika minti takwas ba, aikin Walt Disney da mai zanensa Ub Iwerks. A ciki akwai akuyar da ta cinye takardar waƙa, sai Minnie, budurwar ɓera Mickey, ta kama wutsiyar akuyar tana juyawa kamar mariƙin garmaho, waƙar kuwa ta dinga fitowa ta bakin akuya. Mickey ya karɓa da tukwane, ya matsa cikin agwagwa, ya wage bakin saniya yana kiɗa da haƙoranta. Labari kam babu wani na kirki. To me ya sa mutane suka yi ta ƙyaƙyata dariya? A ganina barkwancin irin waɗannan katun a cikin kiɗan yake zaune, zane yana biye da shi ne kawai. Duk mai shakka ya rage murya ya kalla, zai ga ɓera yana wahalar da dabbobi ba gaira ba dalili.

Sirrin kuwa lissafi ne. Fim mai sauti yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, don haka idan ganga tana bugawa sau biyu a daƙiƙa, mai zane ya san duk bayan hoto 12 ƙafa za ta taɓa ƙasa. Ɗan wasa na jini da tsoka yakan yi gaba ko ya yi baya kaɗan, amma zane ba ya kuskure, kuma wannan daidaiton da ya wuce na ɗan Adam shi ke kawo dariya: kunne yana jiran bugu, sai bugun ya zo a kan kari, amma daga inda ido bai zata ba. Ba a banza aka samu wannan ba. Ɗaukar sautin Steamboat Willie ta farko lalacewa ta yi domin makaɗa sun kasa tafiya da hoto, sai da aka sa musu alama mai tsalle a jikin fim ɗin tana ba su kari. Carl Stalling, wanda ya daɗe yana kaɗa wa finafinai marasa magana a Kansas City, shi ya kawo shawarar a juya tsarin, a fara tsara kiɗa sannan zane ya biyo. Daga nan aka haifi jerin Silly Symphonies, guda 75 tsakanin 1929 da 1939. Na farkonsu, The Skeleton Dance, ƙwarangwal huɗu ne suna rawa a maƙabarta, ɗaya ya zare ƙasusuwan cinyar ɗan'uwansa yana kiɗa da su a gadon bayansa. Abin tsoro ne, amma da zarar ya bi kari ya zama abin wasa.

Wani zai ce ɗoki ne kawai, sauti sabon abu ne a silima, ko tari aka yi sai an tafa. Zai ƙara da cewa kasuwanci ne, kuma yana da hujja, domin Warner Bros. ta kafa Looney Tunes a 1930 da Merrie Melodies a 1931 ne don tallata waƙoƙin da ta mallaka. Sai dai ɗoki ba ya shekara ashirin. Dubi The Band Concert na 1935. Mickey na jagorantar makaɗa cikin rigar da ta fi ƙarfinsa, suna kaɗa sanannen kiɗan William Tell na Rossini, Donald Duck kuma ya kutso da sarewa yana busa waƙar ƙauye har ya janye makaɗan. A karya sarewar, ya zaro wata. Da suka iso sashen da ke kwaikwayon hadari sai guguwa ta gaske ta kwashe su sama, suna juyi tare da bishiyoyi da kujeru, amma ba wanda ya saki kiɗa. A nan dariyar ta girma, ta zama ta taurin kai da ta zolayar manya, irin yadda 'yan kama ke ɗaukar muryar karatu mai kwarjini su cika ta da zancen tuwo. Haka The Cat Concerto na 1947, wanda ya ci kyautar Oscar: muzuru Tom ya sha kwat yana kaɗa kiɗan Liszt a fiyano, ɓera Jerry na cikin fiyanon, suna ta faɗa amma waƙar ba ta yanke ba. Shi ya sa yaro a Kano ko Damagaram ke sheƙa dariya da Tom da Jerry ba tare da ya ji Turanci ba.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, kuma ba zan kauce masa ba. Wani ɓangare na wannan raha ya samo asali ne daga wasannin da Turawan Amurka ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata don izgili. Wasu katun ɗin sun yi muni har kamfanin United Artists ya janye guda 11 na Warner daga talabijin a 1968. Gwanintar kari ba ta wanke wannan, hasali ma ita ta sa izgilin ya shiga rai da daɗi. Ko inda aka yi da mawaƙin baƙar fata da yardarsa, lamarin da sarƙaƙiya. A Minnie the Moocher na 1932, 'yan'uwan nan Fleischer masu yin katun sun ɗauki hoton rawar mawaƙi Cab Calloway, suka bi sawunta da alƙalami hoto bayan hoto, da na'urar da Max Fleischer ya ƙirƙiro. Muryar tasa ce, takun nasa ne, har zamewar ƙafar nan da aka san shi da ita. Ya fito da fuskarsa na ɗan lokaci a farkon fim ɗin, sauran rawar kuwa fatalwar wata dabbar teku mai haure ce ke yin ta a cikin kogo.