Lambar da ta ƙi rabuwa: 2,147,483,647

Ka ɗauki ƙwayar gero ɗaya ka ninka, ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama takwas. Ka yi ta haka har sau 31, sannan ka cire ƙwaya guda. Abin da zai rage a gabanka shi ne 2,147,483,647, wato biliyan biyu da ɗoriya. Kafin ka taɓa tulin nan, yana rabuwa biyu-biyu har ƙasa. Da fitar ƙwayar nan guda kuwa, ko mutum nawa ka tara ba za su raba shi daidai wa daida ba, sai dai ɗaya ya kwashe duka, ko kowa ya tashi da ƙwaya ɗai-ɗai.

Lambobi masu ƙin rabo irin su 7 da 13 suna da yawa, ba su ma da iyaka. Amma waɗanda ake samu ta hanyar ninki a cire ɗaya, ana jingina su ga Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya jera su a 1644. Ba kullum dabarar ke ci ba: ninki 11 a cire ɗaya yana ba da 2,047, wadda 23 sau 89 ce. Tamu ita ce ta takwas cikin waɗanda suka tsallake.

Wanda ya tabbatar da taurin kanta shi ne Leonhard Euler, a 1772, yana zaune a Rasha, idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Nan ne abin ya fi burge ni. Bai zauna gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. Ya san ba sai ya wuce 46,340 ba, kuma ya nuna cewa duk lamba mai ƙin rabo da za ta iya raba ta, in aka kasa ta gida 248, dole ta bar saura 1 ko 63. Hakan ya zaftare aikin ya koma rabawa ɗari uku da 'yan kai. Ko ɗaya ba ta shiga ba.

Yau kuma a cikin kwamfuta aka fi cin karo da ita. Tsari mai gurbi 32, inda kowane gurbi ke ɗaukar 0 ko 1, yana ware gurbi ɗaya don nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa, sai 31 su rage. Shi ya sa lambar tamu ce iyakar mudunsa. A 2014, yawan kallon da aka yi wa bidiyon Gangnam Style ya zarce wannan adadi, amma kafin nan YouTube ya riga ya koma ƙirga da gurbi 64.

Akwai tsofaffin na'urori da har yanzu suke ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970. Mudunsu zai cika ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT. Wadda ba a gyara ba, da ƙarin daƙiƙa guda za ta nuna cewa ana cikin Disambar 1901.