Cire Kafet a Sa Roba: Yadda Ake Gyara Daben Bas Don Hanyar Birnin Gwari

Duk wanda ya taɓa shiga bas daga Kaduna zuwa Birnin Gwari a watan Afrilu, ya zauna a layin da ke bayan direba, ya san zafin nan da ke tasowa daga ƙasa. Kafin a wuce Buruku tafin ƙafa ya fara ɗumi, kafin a kai Udawa wayar da aka jona a fawa bank aka ajiye cikin jaka a ƙasa ta yi zafi rau, wani lokacin ma ta daina karɓar caji. Fasinjoji kan ɗora laifin a kan rana. Rana na da nata kason, amma mafi yawan zafin da ƙafa ke ji daga cikin motar yake fitowa: a bas ƙirar Toyota Hiace irin wadda ta cika tashoshin Arewa, injin yana ƙarƙashin kujerun gaba ne, salansa kuma ta bi ta ƙarƙashin dabe har zuwa baya. Abin da ya raba ƙafar fasinja da wannan wuta shi ne ƙarfe mai kaurin da bai wuce milimita ɗaya da ɗoriya ba, sai abin da aka shimfiɗa a kansa.

Wannan shimfiɗa ita ce mafi yawan masu mota ba sa waiwaya sai ta fara wari.

Kafet ba a yi shi don wannan hanya ba

Motocin da ake shigowa da su na hannu daga Turai da Japan, irin su Sharan da Galaxy da wasu daga cikin Hiace, sukan zo da kafet, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani ƙullin zare mai kauri kamar bargo. A can aikinsu ɗaukar iyali ne a kan kwalta. A nan aikin ya sauya. Birnin Gwari ƙasar noma ce, motar da ta tafi da fasinja takan dawo da buhunan masara da dawa da waken soya, ta koma da takin zamani da jarkokin mai. Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta garin a watan Nuwamban 2024, bayan ta daɗe a rufe saboda matsalar tsaro, zirga-zirgar kaya da ƙananan dabbobi ta ƙaru a hanyoyin Kaduna da Funtuwa da Tegina.

Kafet yana shan duk abin da ya zuba masa. Da damina, musamman a Agusta, kowane fasinja da taɓo a takalminsa yake shiga. Saman kafet ɗin kan bushe cikin yini guda, mai mota ya zaci shi ke nan, alhali bargon da ke ƙasa yana nan jiƙe sharkaf yana manne da ƙarfe na tsawon makonni. Idan aka haɗa da garin taki da ya zube daga buhu da fitsarin akuya, lamarin ya ƙazanta, domin dukansu gishiri ne, kuma ruwa mai gishiri ya fi ruwan sama saurin cin ƙarfe nesa ba kusa ba. Tsatsa takan fara daga bakin ƙofar gefe, da kan tudun tayoyin baya, da gindin kujeru.

Ɓulewar dabe ba maganar kyan mota ba ce. Idan salansa na yoyo, hayaƙinta ta waɗannan ramuka zai shigo. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini ya fi kama ta fiye da sau 200 a kan iskar oksijin. Alamarta ta farko ciwon kai ne da jiri da gyangyaɗi. A tafiyar kilomita 120 da wani abu, cikin dajin da direbobi suka shafe shekaru ba sa son tsayawa ko da na minti ɗaya, da hunturu kuma an rufe gilasai ruf saboda ƙura, direba mai gyangyaɗi ba abin wasa ba ne. Sannan gindin kujerar da tsatsa ta ci yana iya tsinkewa a lokacin da aka taka birki da ƙarfi.

Kuskuren da aka fi yi

Da yawa idan sun gaji da wari sai su fizge kafet da bargonsa gaba ɗaya, su sayo ledar tsakar ɗaki ko roba ƴar siririya su shimfiɗa a kan tsurar ƙarfe. Warin ya tafi, wanki ya yi sauƙi, amma motar ta ƙara zafi, ta ƙara ƙara. Dalili shi ne wancan bargon da aka jefar shi ke tare zafi da shanye sauti. Roba ba ta iya wannan aiki.

Lissafin ba shi da wuya. Abin da ke hana zafi wucewa ba nauyin abu ba ne, iskar da aka kulle a cikinsa ce. Ƙarfe yana wuce da zafi fiye da sau 1,000 a kan soso mai kyau. Roba ta fi ƙarfe dama sosai, sai dai ita ma curarriya ce, ba iska a cikinta. Soso mai kaurin milimita 10 ya fi roba mai kaurin milimita 3 tare zafi fiye da sau goma. Saboda haka gyaran da ya amsa sunansa hawa uku ne, kowane hawa da aikinsa: na ƙasa ya kashe rawar ƙarfe, na tsakiya ya tare zafi, na sama ya ɗauki takalmi da ruwa da buhu.

Kafin a sayi komai, a duba ƙarfen

A nan ne wayar hannu ke da amfani. Kafin a kwance kujeru, a ɗauki hoton kowane gindin kujera da kowace waya da ta bi ta ƙarƙashin kafet, domin ranar mayarwa ba kowa ke tuna inda kowane noti ya fito ba. Bayan an ɗaga kafet an share, da daddare mutum ɗaya ya haska tocilar waya daga ƙarƙashin mota, wani ya tsaya a ciki yana kallo. Duk inda haske ya ɓullo, ko da kamar ƙofar allura ne, a zagaye shi da alli.

Tsatsar da ke sama-sama burushin ƙarfe da samfefa sun ishe ta, sai a shafa jan fentin nan na hana tsatsa a bar shi ya bushe sosai. Inda ya ɓule kuwa aikin mai walda ne, a yanke ruɓaɓɓen a sa sabon ƙarfe. Toshe rami da gam ko fallen gwangwani ɓoye ciwo ne kawai. Kafin walda a cire kan batir don kada a ƙona ƙwaƙwalwar injin, kuma a san inda tankin mai da bututun mai da na birki suka bi, domin duk a ƙarƙashin daben suke. Wannan gargaɗi ya shafi mai riƙe da injin huda ƙarfe ma. A wannan zaman ne ya kamata a sa bakanike ya duba salansa daga inji har ƙarshenta, da fallen ƙarfen nan da ke tsakaninta da dabe. Sau da yawa ya riga ya faɗi a wani rami a hanya, ko an cire shi saboda yana kwaramniya. Mayar da shi kaɗai kan rage zafin ƙafa.

Hawa na farko da na biyu

Hawan farko fallen butil ne, wata baƙar roba mai danƙo da aka lulluɓe bayanta da alminiyam. Aikinta ta hana ƙarfe yin amo kamar ganga. Ba sai an rufe daben duka ba. A ƙwanƙwasa da yatsa, inda ya yi ƙara kamar fanko nan za a manna, a danne da kyau. Rufe kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin faffaɗan wuri ya wadatar, tudun tayoyin baya ne kawai ya cancanci a cika shi, saboda tsakuwar hanya a can take bugawa. A kasuwa akwai mai kama da ita da ake liƙe yoyon kwanon rufi, wadda da kwalta aka yi ta. Ta fi araha, amma da zafin Maris ya kama ta sai ta yi laushi ta cika mota da warin kwalta, kuma cire ta aiki ne ja.

Hawa na biyu shi ne inda ake yawan cutar mai saye. Soso iri biyu ne. Akwai mai buɗaɗɗun ƙofofi, irin na katifa da kushin, wanda ke shan ruwa. Sa shi a ƙarƙashin roba daidai yake da mayar da tsohon bargon da aka cire. Akwai kuma mai rufaffun ƙofofi, irin baƙin nan da masu haɗa na'urar sanyaya ɗaki ke naɗe bututu da shi, ko irin na tabarmar motsa jiki. Shi ake nema, a falle, mai kaurin milimita 6 zuwa 10. Gwajinsa a gaban mai shago ba ya cin minti ɗaya: a tsoma guntu cikin ruwa a matse. Idan ya fitar da ruwa, na katifa ne. Masu sayar da kayan sanyi da kayan mota a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano su ne wuraren fara tambaya. Farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji da talabijin kada ma a kusance shi, domin fetur na narkar da shi, haka ma yawancin gam mai ƙarfi, kuma yana murmushewa a ƙarƙashin nauyi.

Wani abu da ke ruɗin mutane shi ne soso mai ƙyallin alminiyam. Ƙyallin yana mayar da zafi ne idan akwai sararin iska a gabansa. Da zarar an matse shi tsakanin ƙarfe da roba, ƙyallin ya zama ado, soson ne kaɗai ke aiki. Wurinsa shi ne rufin mota ta ciki da ƙarƙashin murfin inji, shi ma na wajen inji sai wanda aka yi musamman don jure wuta.

Robar kanta

Mai kaurin milimita 3 mai zanen kwabo ko zanen layi ta ishi motar fasinja. Mai ɗaukar buhuna kullum gara ya nemi milimita 5, ko ya sa falankin katako siriri tsakanin soso da roba don kada nauyi ya lotsa soson. Roba tana da nauyi: mai milimita 3 takan kai kilo 4 zuwa 5 a kowace murabba'in mita, wato daben bas gaba ɗaya kusan kilo 20. Tsohon kafet ɗin shi ne ma'auni mafi kyau, a shimfiɗa shi a kan sabuwar robar a zana a yanka, shi ya sa ba a jefar da shi da wuri. A bar gefuna su ɗan hau bango kamar tire, don ruwa ya tsaya a sama.

Abu biyu ba a sassauci a kansu. Na farko, ƙafar kujera da mariƙin bel dole su zauna ƙarfe a kan ƙarfe. A yanke soso da roba a zagaye su. Notin da aka ɗaure a kan soso yau yana da ƙarfi, bayan mako biyu a ramukan hanya soson ya kwanta, notin ya saki. Na biyu, wajen ƙafar direba. Robar da ba a kafe ta ba tana iya zamewa ta danne totur ko ta shiga ƙarƙashin birki. Wannan ya taɓa faruwa a inda ake ganin an fi kowa tsari: a 2009 kamfanin Toyota ya yi kiranyen motoci kimanin miliyan 3.8 a Amurka saboda shimfiɗar ƙafa da ke maƙale totur, bayan wani haɗari a San Diego da ya ci rayuka huɗu. A kafe ta gaban da kyau, kada a ɗora wata a kan wata, sannan a taka totur da birki da kuloci har ƙasa a tabbatar ba abin da suke taɓawa.

Sauran daben kuwa, gara kada a shafe shi da gam gaba ɗaya. Ruwa sai ya sami hanyar shiga ƙarƙashin roba ko ta yaya, kuma idan ya shiga ba ya fita da kansa. A manna gefuna da bakin ƙofa, a bar tsakiya yadda za a iya ɗagawa a shanya sau biyu ko uku a damina. Murfin inji da na batir, wanda a wasu Hiace cikin dabe yake, a yanka musu ƙofarsu.

Yadda za a san ko kuɗin sun yi aiki

Manhajojin auna ƙara na waya ba su kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma sun isa a kwatanta jiya da yau. A auna kafin gyara da bayan gyara, da waya ɗaya, a kujera ɗaya, a yanki ɗaya na hanya, a gudu ɗaya, gilasai a rufe. Raguwar desibel 3 tana nufin ƙarfin sautin ya ragu da rabi, kodayake kunne ba ya jin ƙara ta rabu biyu sai ta sauka da kusan desibel 10. Ga direba da yaron mota da ke yini a ciki, ko ƴar raguwa riba ce, tunda masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa 8. Zafin dabe kuma ƙaramar bindigar auna zafi ce ke nuna shi, amma irin ta goshi da aka saba gani lokacin korona ba za ta yi ba sai idan tana da zaɓin auna jikin kaya.

Kada dai a sa rai bas za ta koma firji. Motar da ta yini a rana a tasha ta rufi da gilasai take ɗaukar zafinta, gyaran dabe ba ya taɓa wannan. Kamfanin Apple ya ce an ƙera iPhone ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 ne a ma'aunin Salshiyas, zafin bazara a yankin kuwa yakan kusanci 40 tun kafin a tayar da inji, kuma batirin litiyam da ke sauran wayoyi da fawa bank shi ma zafi na rage masa kwana. Ko an sa soso ko ba a sa ba, jakar da waya ke caji a cikinta cinya ce wurinta, ba tudun inji da ke bayan direba ba.