Me Ke Sa Sitiyarin Tsohuwar Mota Karkarwa?

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo ta nufi Gwarzo, da wuya a ce bai taɓa shiga motar da sitiyarinta ke karkarwa ba. Abin yakan fara ne idan mota ta miƙi hanya ta kai gudun kilomita 80 ko 90 a awa. Sai a ga hannuwan direba suna rawa kamar mai jin ɗarin hunturu, da ya rage gudu kuma sai abin ya lafa. Direbobi da dama sun ɗauka halin tsufa ne kawai. A kimiyyance kuwa, karkarwar alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alamar cuta a jikin ɗan'adam, kuma akwai hanyar gano tushenta.

Motar da ta fi dacewa da misali ita ce Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. An fito da ita a Faransa a 1968, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har bayan shekarar 2000. Ita ce ta lashe gasar tseren Safari ta Kenya a 1975, samfurinta na tsere mai ƙofa biyu kuma ya sake lashewa a 1978. Duk da wannan ƙarko, 'yan gaɓoɓi kaɗan ne ke riƙe da tayoyinta na gaba. Haka abin yake ga Golf da sauran motocin da suka gaje ta a tashoshin mota.

Nauyin da bai daidaita ba

Zagayen tayar irin wannan mota kimanin mita 2 ne. Ke nan a tafiyar kusan kilomita 70 daga Kano zuwa Gwarzo kowace taya takan juya sau 35,000, kuma a gudun kilomita 90 a awa tana juyawa fiye da sau 12 a kowace daƙiƙa. A ɗauka wani gefe na tayar ya fi sauran nauyi da giram 50 kacal, saboda faci ko busasshen taɓo ko zaizayewar roba. A wannan gudun, ɗan nauyin nan yana fizgar tayar da ƙarfin da ya kai na kilogiram 9, yana jan ta sama, gaba, ƙasa, baya, ba hutawa. Idan aka ninka gudun sau biyu, fizgar takan ninku sau huɗu.

To, me ya sa karkarwar ke tsananta a wani gudu na musamman, wani lokaci har ta ragu idan an wuce shi? Amsar tana cikin lilo. Yaro mai tura lilo ba ya buƙatar ƙarfi sosai, muddin yana turawa daidai lokacin da lilon ya dawo. Tayar gaba da ƙarafan da ke riƙe da ita su ma suna da nasu lokacin kaɗawa. Idan juyin taya ya yi daidai da wannan lokacin, kowace fizga sai ta hau kan ta baya, har girgizar ta iso sitiyari. Maganin wannan shi ne balansin, inda ake ɗora tayar a kan na'ura, a gano gefen da ya yi sauƙi, a maƙala masa 'yar dalma a bakin rim. Malamai za su iya nuna wannan a aji: a kifa keke, a ɗaura ɗan dutse a jikin wayoyin tayar gaba kusa da baki, a juya ta da ƙarfi, ɗalibai su ga yadda keken zai riƙa tsalle.

Gaɓoɓin mota da na mutum

Ɗalibin ilmin halittu ya san gaɓar ƙugu, inda kan ƙashin cinya mai kama da ƙwallo yake zaune cikin kwarminsa, guringuntsi ya lulluɓe shi, wani ruwa mai santsi yana hana gogayya. Irin wannan gini ne bol joyin da kan tayarod suke da shi: ƙwallon ƙarfe cikin kwarmi, da giris, da 'yar rigar roba mai hana datti shiga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar robar ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina sukan gauraya da giris su zama tamkar dutsen wasa wuƙa. Ƙwallon sai ya cinye, gaɓa ta yi sako-sako, taya ta sami damar kaɗa kai ba da izinin direba ba.

Shokazoba kuwa aikinsa kashe girgiza kafin ta yi girma. Idan mansa ya tsiyaye, duk ramin da mota ta faɗa sai taya ta yi ta tsalle, ta riƙa rabuwa da kwalta. Bugun rami kuma yakan lanƙwasa rim ko ya karkatar da saitin tayoyi, shi ya sa ake ganin motar da ke ja gefe guda, ko tayar da ta cinye ta ɓangare ɗaya kamar dunduniyar tsohon takalmi.

Wani zai ce ai ƙwararren direba zai iya riƙe motarsa. Ilmin jijiyoyi bai goyi bayan haka ba. Daga lokacin da hannu ya ji motsi zuwa lokacin da ƙwaƙwalwa ta maido da umarni ga tsoka, akan ɗauki kusan rubu'in daƙiƙa. Kafin nan taya ta riga ta juya sau uku.

Yadda ake bin diddigi

Likita yakan fara da tambaya kafin allura, haka ma bakanike nagari. Idan karkarwar tana zuwa ne a wani gudu kawai, a fara zargin balansin. Idan sai an taka birki take zuwa, a duba faifan birki. Idan bayan faɗawa rami ne motar ke ɗaukar rawa ko tana yawo a kan titi, a nemi gaɓoɓi da shokazoba.

A fara da mafi araha. A auna iskar tayoyi da safe kafin su yi zafi, a duba ko akwai kumburi a gefensu, a tabbata notuna sun ɗauru. Tun daga shekarar 2000 akan buga wa taya lambobi huɗu na ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wannan yana da muhimmanci ga mai sayen tayar gwanjo, domin roba tana tsufa ko da zanenta bai goge ba. Daga nan a ɗaga motar da jak, a kama taya ta dama da hagu a girgiza. In ta yi ƙwas-ƙwas, tayarod ne ake tuhuma. A sake kamawa ta sama da ƙasa. In ta motsa, bol joyin ne ko boris. Sai an sauya abin da ya cinye sannan a je alaimen, domin saitin da aka yi a kan sakakkiyar gaɓa ba ya kai mako. Wanda ya tafi Ƙofar Ruwa sayen kayan gyara kuma ya tuna cewa shokazoba bibbiyu ake sauya shi, dama da hagu tare.

Idan karkarwa ta kama mota a tsakiyar tafiya, kada direba ya danne birki da ƙarfi, kada kuma ya ƙara wuta don ya tsallake ta. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya saki totur sannu a hankali, ya gangara gefe ya duba. Motar haya guda takan ɗauko ɗalibai da 'yan kasuwa da masu jego, kuma kuɗin kan tayarod bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Fasinjan da ya ga hannun direba yana rawa a kan sitiyari yana da haƙƙin ya ce masa, cikin ladabi, "Malam direba, don Allah a rage gudu, a tsaya a duba tayar nan."