Kwalta, Burji ko Rairayi: Abin da Ake Rubutawa Game da Hanyoyinmu a Taswira

Jama'a da dama sun yi tambaya game da taswirar da ke cikin waya, wadda ake cewa kowa na iya gyarawa. Sunanta OpenStreetMap. An fara ta a Ingila a 2004, kyauta ce, kuma 'yan sa kai ne ke zana ta. A 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF da ƙungiyoyin Red Cross na Ingila da Amurka da ƙungiyar HOT suka kafa shirin Missing Maps, domin a zana wuraren da taswira ta manta da su, irin ƙauyukanmu na jihar Maraɗi.

Yawancin masu zanen suna nesa, hoton tauraron ɗan'adam kawai suke kallo. Daga sama ana ganin hanya ta ratsa gonaki, amma da wuya a gane ko ƙasar mai tauri ce ko rairayi ne mai kama tayar mota. Wannan sai wanda ya taka ta da ƙafarsa.

Shi ya sa kowace hanya ke da gurbin da ake rubuta irin ƙasarta: kwalta, siminti, burji da aka daddale, tsakuwa, ƙasa zalla, rairayi, ciyawa ko taɓo. A manhajar StreetComplete ba sai an iya Turanci ko Faransanci sosai ba, domin hotuna take nunawa, a zaɓi wanda ya yi kama da hanyar.

Amfaninsa ba ƙarami ba ne. Direban motar asibiti da bai san yankin ba, idan an kira shi da dare ga mace mai naƙuda, gajeriyar hanya waya za ta nuna masa. In rairayi ce kuma ba a rubuta ba, a nan motar za ta kafe. Haka motar abinci, haka mai keken guragu da ke neman hanyar famfo.

Inda aka fi yin kuskure shi ne taɓo. Ana sa shi ne ga wurin da ke jiƙe kusan duk shekara, kamar cikin fadama. Hanyar da ke caɓewa a watan Agusta kawai, ƙasa ce. Sai a ƙara alamar cewa ruwa na cin ta, a kuma nuna inda take tsallake ƙorama ba gada. Idan hanya ta fara da burji ta ƙare da rairayi, a raba layin biyu, kowane da nasa. Wanda bai bi hanya ba kuwa, gara ya bar gurbin ba komai, don direba ya fi yin hattara da hanyar da ba a ce komai a kanta ba.

Ga abin da ofishin kariya ke jaddadawa: duk duniya na ganin wannan taswira, har da mutanen da kuka guje wa. Kada a sa sunan kowa, ko lambar ɗaki, ko garin da iyali ya fito, ko hanyar da ake bi a ƙetaro iyaka. Ko sunan da za ku buɗe rajista da shi yana fitowa fili, don haka ku zaɓi wanda ba naku na gaskiya ba.

Wanda ba shi da waya zai iya zuwa ofishin ya faɗi hanyar da ya sani da baki. Masu amalanke da 'yan kabu-kabu da mata masu zuwa itace muka fi so mu ji daga bakinsu, kafin ruwan Yuni ya sauka.