Zomo Ba Kaza Ba Ne

A gidaje da yawa na Kano da Zariya, ta hannun yaro zomo yake shigowa. Ya tara kuɗin barka da salla, ya sayo mace da namiji, ya harhaɗa keji da katako da ragar waya a bayan ɗaki. Daga nan sai a shiga ciyar da su kamar kaji: dusa, tsaki, ragowar tuwo, wani lokaci har da burodi. Bayan 'yan makonni a wayi gari cikin ɗaya ya kumbura ya mutu, a ce kambun baka ne.

Galibi abincin ne. Zomo maciyin ciyawa ne, haƙoransa kuma ba sa daina tsiro har ya mutu. Na gaba suna ƙaruwa da kusan milimita 2 zuwa 3 a mako. Taunar busasshiyar ciyawa ce ke goge su. In aka bar shi da abinci mai laushi, sai haƙoran su zarce su soki harshe ko kumatu, yawu ya jiƙa masa haɓa, ya daina ci. Hanjinsa ma haka yake: ba ya iya amai, don haka gashin da ya haɗiya wajen lasar jiki sai hakin da ya ci ne ke tura shi gaba. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa kusan kashi 80 cikin 100 na abincinsa ya zama busasshiyar ciyawa. Harawar gyada da ta wake suna da amfani ga 'ya'ya da mai shayarwa, amma ga babban zomo a gauraya su da ciyawa. Ganyen dankalin Hausa da zogale da latas ƙari ne, a wanke, a bari su ɗan yi yaushi. Karas kuwa, duk da sunan da ya yi, zaƙinsa ya yi yawa. Yanki ɗaya ya isa.

Wanda ya ga zomonsa da asuba yana sunkuyawa yana cin wani kashi mai laushi, kada ya hana shi. Abinci ne da cikinsa ya sarrafa, yana mayar da shi don ya samu sinadaran da suka saura.

Akwai masu kiwon da har yanzu ke cewa zomo ba ya shan ruwa. Yana sha, kuma a Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke wuce digiri 40, ruwa da inuwa su ne rayuwarsa. Ba ya gumi, ta kunne yake fitar da zafi, kuma daga digiri 30 ya fara shiga haɗari. Keji a ƙarƙashin kwanon rufi da tsakar rana kamar tanda yake. Kunnen nan kuma ba mariƙi ba ne; a tallafo ƙirjinsa da bayansa.

Damina kan zo da gudawar kwaksidiyosis, wadda ke yaɗuwa ta kashi a keji mai danshi tana kwashe ƙanana. Shara kullum ta fi kowane magani araha. Ɓawon da ke taruwa cikin kunne kuwa aikin wasu ƙananan ƙwari ne, kuma yana warkewa in an yi saurin kai shi asibiti.

Wadda ta fi tsanani ita ce cutar zubar jinin zomaye. An fara ganinta a Sin a 1984, sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, a 2020 kuma ta yi ɓarna a jihohin Kwara da Oyo. Ba ta da magani, sai rigakafi da keɓe duk sabon zomo na aƙalla mako biyu kafin a haɗa shi da na gida.

Kapson amoksisilin da ake ɓarewa a zuba wa kaji a ruwa yana iya kashe zomo, domin yana hallaka ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai kuma yi kashi ba, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, kada a jira gobe.